Sabon Ido a Tsohon Kai

Daga Ikko ya taho, cikin kwalin taliya,
an naɗe shi da tsohuwar jarida:
katin girafik, na hannu, mai fanka biyu.
Kuɗin zanen gidaje uku na zuba masa.
Na karɓo shi a tasha,
na rungume shi a bayan acaɓa har Jekadafari
kamar mai ɗauke da ƙwai a bakin mayafi.

Kwamfutar ta Baba ce.
Shekara goma sha huɗu tana zaune a kusurwar shago,
ita ta buga wa rabin unguwa takardar neman aiki.
Ni kuwa, in na ce ta juya mini zanen bene,
sai ta tsaya tana nishi
har shayina ya huce.

Na kwance kusoshi huɗu, na buɗe cikinta.
Gizo-gizo ya yi gida a bayan fanka,
ga ɓawon ƙwan tsaka guda biyu,
ga rubutun Baba a jikin ƙarfe, da jan biro:
"An canza batir, watan Azumi."
Na daɗe ina kallon wannan layi.

Katin ya ƙi shiga.
Ya fi ramin tsawo da faɗin yatsa biyu.
Bappayo mai gyaran rediyo ya leƙo da filaya,
ya lanƙwashe ƙarfen da ya tare hanya,
ya ce, "Sa'adiyya, gidan da ya tsufa
ba ya karɓar baƙo sai an fasa katanga."
Ya shiga. Ya ce ƙas.

Na danna.
Fanka ta juya sau ɗaya, ta tsaya.
Ana kukan targaɗe, sai ga karaya:
akwatin wutar wat ɗari biyu da hamsin ne,
baƙon kuwa mai ci ne,
yana neman waya mai baki shida
wadda tsohuwa ba ta taɓa jin labarinta ba.

Kwana biyu ina zaga shagunan Sabon Layi.
Na sayo wani akwatin, na bar ɗan kunnena jingina.

Na sake dannawa.
Fankoki uku suka ɗauka tare, kamar 'yan amshi,
koren fitila ta kama,
allo kuwa baƙi wuluk.
Na zare ram, na goge haƙoransa da abin goge fensir,
na cire ɗan batirin da Baba ya sa, na ƙirga sittin,
na mayar.
Baƙi.
Aka ɗauke wuta. Na zauna a duhu biyu.

Da la'asar Yagana ta dawo daga islamiyya,
'yar shekara tara, tana tsotsar tsamiyar biri.
Ta zaga bayan teburi don neman silifas ɗinta,
ta ce, "Adda, wannan igiyar
me ya sa take a tsohon rami,
ga sabo a ƙasa babu kowa?"

Ga jaki, ina dukan taiki.

Na zare kebul, na sauke shi taki ɗaya.
Allo ya yi ƙyafta, ya buɗe ido.
Haruffa manya-manya kamar na makaho ya warke,
sai da direba ya cinye mini data ta wata guda
kafin suka koma daidai.

Yanzu benen Alhaji Kwairanga yana juyawa a gabana
sumul, har inuwar taga tana bin rana.
Murfin dai bai rufu ba, na ɗaure shi da waya.
Kafin in ɗaure, na nemo jan biro,
a ƙarƙashin layin Baba na rubuta:
"An sa mata ido, watan Safar.
Yagana ce ta gani."